Gyaran ƙafar gaba ta tsohuwar mota da kuɗi kaɗan, da maganar rage mata tsayi

Duk wanda ya taɓa jiran mota a bakin kwalta a Gidigir ranar kasuwa ya san su: ragowar Peugeot 504 da suka ƙi mutuwa, da Hilux waɗanda rana ta cinye wa fenti, da Hiace masu jigilar mutane tsakanin Gure da Damagaram. Kusan dukansu ciwonsu ɗaya ne, ƙafar gaba. Tun daga nesa kake jin ta, ƙwal-ƙwal a kan gargada, hanci ya sunkuya kamar jakin da aka labta wa kanwa. Mai motar ya san da ciwon. Kuɗin ne ba su kai a canza komai lokaci guda ba. To, da wanne za a fara?

Akwai kuma wata magana da ta shigo mana ta wayar salula. Matasa na kallon bidiyon tsofaffin motoci na Turai da Amurka waɗanda aka rage wa tsayi har cikinsu na neman shafar ƙasa, wasu ƴan uwanmu da ke can ma sukan tambaya ko za a yi wa motar Baba haka in an tashi gyara. Mun haɗa maganganun biyu a nan saboda wuri ɗaya suke taɓawa a jikin mota. Misalinmu 504 ce, don da wuya ka sami tsohon bakanike a ƙasar nan da bai taɓa kwanciya ƙarƙashinta ba, amma za mu taɓo Toyota inda ta bambanta.

Abin da ya sa 504 ta daɗe

Kamfanin Peugeot ya fito da 504 a Faransa a 1968, kuma ita aka zaɓa motar shekara ta Turai a 1969. A 1975 aka buɗe masana'antar haɗa Peugeot a Kaduna, inda aka ci gaba da haɗa 504 har tsakiyar shekarun 2000, fiye da shekara ashirin bayan Faransa ta daina ƙera ƙaramar a 1983. Shi ya sa kayan gyaranta suka wadata a Kano. Wasu kuma ta hamada suka shigo mana: a shekarun 1970 da 1980 samarin Turawa kan sayi tsohuwar 504, su keto Aljeriya ta Tamanrasset, su faɗo Assamaka da Arlit da Agadas, su sayar su hau jirgi su koma gida.

Ba ƙarfin inji ne ya yi mata suna ba, ƙafa ce. Tayarta na da dogon zango, wato tana iya hawa sama sosai ta sauka ƙasa sosai kafin ƙarfe ya bugi ƙarfe, kuma cikinta na nesa da ƙasa. Da wannan ta ci gasar tseren Safari ta Kenya da ta Bandama a Kodebuwa a 1975. Daga baya ma wani kamfanin Faransa mai suna Dangel ya riƙa ɗaukar 504 yana ƙara mata tsayi, yana mai da ita mai ja da taya huɗu. A riƙe wannan, za mu dawo kansa: masu son ta shiga daji ɗaga ta suka yi.

Iri uku muka fi gani, ƙaramar, da doguwar mai layin kujeru uku da ake ce wa familiyal, da bashe ta ɗaukar kaya. A baya sun bambanta ƙwarai, bashe lam gare ta, sauran resor. A gaba kuwa tsarinsu ɗaya ne, ko da yake ƙarfin resor ɗin ba ɗaya ba ne.

Sunayen kayan, da aikin kowanne

A nan yankinmu kaya ɗaya na da suna biyu, ya danganta da inda bakanike ya koyi aiki. Wanda ya koya a Damagaram ko Yamai zai faɗa da bakin Faransanci, wanda ya koya a Kano ko Nguru da bakin Ingilishi. An sha sayo abin da ba shi aka aika ba saboda wannan.

A bayan kowace tayar gaba akwai sanda ɗaya a tsaye. Cikinta amortisa ne, wanda ƴan Najeriya ke ce wa shokozoba. Kewaye da shi akwai resor, ko sifirin, ƙarfen nan mai murɗe. Ana kiran wannan tsari da sunan injiniyan Amurka da ya tsara shi, MacPherson, kuma irinsa ne a 404 da 505 da yawancin ƙananan motocin yau. Mutane da yawa na ɗauka amortisa ne ke ɗauke da mota. Ba shi ba ne. Resor ne ke ɗauke da nauyi, shi ke yanke tsayin mota. Aikin amortisa shi ne hana resor ci gaba da rawa bayan an faɗa rami. Saboda haka in hancin mota ya sunkuya, sabon amortisa ba zai miƙar da shi ba, kuɗi kawai za a zubar.

Ƙasan sandar na zaune a kan hannun ƙarfe, kuma abin da ya haɗa su shi ne rotil, ko boljoyin: ƙwallon ƙarfe cikin ƙoƙo, kamar kan ƙashin cinya a cikin kwatangwalo, da ƴar rigar roba mai riƙe giris. Ɗaya ƙarshen hannun na maƙale da gadar gaba ta hanyar robobin da ake kira silanbulok, ko bushin. Daga sitiyari kuma umarni na bi ta kiremayar, ya fita ta sanduna biyu, kowace da ƙaramin rotil a bakinta, shi ne ƴan Kano ke ce wa tayarod. Sai rulma, ko boris, wanda taya ke juyawa a kansa, da wata siririyar sanda da ta haɗa dama da hagu don rage karkata a kwana.

Binciken da ba ya cin ko dala

Kafin a je gareji mai mota na iya gane rabin matsalarsa da kansa. A sami wuri mai tauri kuma shimfiɗaɗɗe, ba rairayi ba. A sauke kaya, a daidaita iskar tayu.

Da farko awo. A auna daga tsakiyar taya zuwa bakin ƙarfen jiki da ke samanta, dama da hagu. Daga tsakiyar taya ake aunawa, ba daga ƙasa ba, don kada girman taya ya ruɗe ka. In gefe ɗaya ya fi ɗaya sauka da abin da ya wuce kaurin yatsa, resor ya gaji ko ya karye. Sau da yawa a zoben ƙasa yake karyewa, inda ƙasa ta taru ta rufe, sai an share ake gani.

Sai a danna hancin motar da ƙarfi a saki. Mai lafiya za ta taso ta tsaya. In ta yi ta lilo sau biyu, sau uku, amortisa ya mutu. A leƙa jikinsa: ɗan danshi ba komai, amma in mai na gangarowa ƙura ta manne ta yi baƙi, ya zubar da mansa.

Daga nan a ɗaga da kirik, a sa ƙaton itace ƙarƙashin jiki. Kada wanda ya shiga ƙarƙashin mota kirik kaɗai na riƙe da ita, balle a ƙasarmu da kirik ke nitsewa cikin rairayi. A kama taya sama da ƙasa a girgiza. In akwai motsi, ko rulma ne ko babban rotil. Ga yadda ake rarrabewa: wani ya taka birki, a sake girgizawa. In motsin ya ɓace, rulma ne, in yana nan, rotil ne. Sannan a kama ta dama da hagu a girgiza. Motsi a nan na nuna ƙaramin rotil ko kiremayar. A sa ƙarfen cire taya a ɗan banƙari hannun ƙasa a kalli silanbulok, in robar ta tsage ko ta rabu da ƙarfenta za a gani.

Taya ma na ba da labari. Wadda ta cinye a gefe ɗaya kawai, saiti ne ya kauce. Wadda ta cinye rami-rami kewaye, amortisa ne ya bar ta tana tsalle.

Abu na ƙarshe, wanda ake yawan mantawa: a buɗe bonet a duba inda kan sandar ya ɗaure da jiki. A Turai tsatsa ke cinye wannan wuri. Mu nan ba mu da gishirin hanya, gargada ce ke tsaga shi. In an ga tsaga, sai mai walda ya fara aikinsa kafin a sa sabon kaya.

In kuɗi ba su kai ba, ga wanda ake fara saya

Rotil da kayan sitiyari su ne na farko, babu jayayya. Amortisa in ya mutu zai wahalar da kai wata da watanni, yana gargaɗinka kullum. Rotil in ya fita daga ƙoƙonsa, taya ce ke kwanciya nan take, kuma a kan kwalta da gudu, da mutum tara da buhuna a sama, ba a samun damar taka birki. Abin haushin shi ne yana cikin masu arahar kayan ƙafa.

A kan rotil ɗin nan ne aka fi yin dabarar da ba ta dace ba. Wasu kan daddake bakin ƙoƙon da guduma don ya matse, wasu su cusa guntun roba ko leda a ciki, wasu su ɗaure da tsohon tib. Ƙarar na ɗaukewa, mai mota ya biya ya tafi da murna. Amma ƙwallon da ya cinye bai dawo ba, bakin da ke gargaɗinka kawai aka toshe. Haka walda a kan sandar sitiyari ko wuyan rotil: wuta na canza halin ƙarfen, ya riƙe yau ya karye wata rana ba sallama. In an makale a daji tsakanin Gidigir da wani ƙauye, a ɗaure a lallaɓa a kawo ta gari da tafiyar amalanke, wannan lalura ce. Amma kada a ɗauki fasinja da ita washegari.

Abin da ke kashe rotil a wurinmu ba tsufa ba ne, rairayi ne. Da zarar ƴar rigar robar ta yage, yashi ya shiga ya haɗu da giris, sai ya zama kamar dutsen wasa wuƙa. Wanda ya canza rigar da wuri ya tsirar da rotil. Tsofaffin da ke da bakin ɗura giris kuwa, a riƙa ɗura musu, musamman bayan damina.

Na biyu rulma, in yana kuka ko yana zafi. Wani lokaci wanki da sabon giris da saiti kawai yake so.

Na uku silanbulok. Nan ne ake iya yin tattali ba tare da an sa rai a haɗari ba. Masu yanko roba daga tsohuwar tayar kamiyo na yin aiki mai kyau a kan robobin siririyar sandar nan ta kwana, da robobin lam na bashe da Hilux. Wasu ma sun fi na kanti daɗewa. Na hannun ƙasa ne dai ya fi kyau a sayi na gaske, saboda shi ke riƙe saitin taya lokacin birki. In ya yi sako-sako motar za ta riƙa fizga gefe duk sanda aka taka.

Na huɗu amortisa. A nan 504 na da wata falala da motocin yanzu ba su da ita. A zamanin 504, Peugeot da kansa yake ƙera amortisansa, kuma na asalin ana kwance shi: a buɗe babban noti na sama, a zare cikin, a wanke, a canza robar da ke tare mai, a zuba sabon mai. In cikin ya lalace akwai wanda ake saya a zura cikin tsohuwar sandar. Sharaɗi biyu ne. A duba sandar nan mai ƙyalli da ke shiga tana fita. In yashi ya kakkarce ta, sabuwar roba ba za ta yi wata guda ba. Kuma man amortisa siriri ne. Masu zuba baƙin man inji don ya yi tauri, tauri kam zai yi da safe, amma bugun da ya kamata ya shanye sai ya tura wa jikin mota, can sama inda muka ce yana tsagewa. Amortisa mai gas wanda aka rufe tun daga masana'anta kuwa ba a huda shi, akwai matsi a ciki.

Amortisa da resor bibbiyu ake canza su, dama da hagu. In kuɗin ɗaya ne kawai a hannu, gara a jira na biyun.

Resor ya zo a ƙarshe a layin kuɗi, sai fa in karyewa ya yi. Na kas, wato na motar da aka farfasa, na iya yin aiki in an samo biyu daga mota ɗaya. A jera su a ƙasa a ga tsayinsu ɗaya, a ƙirga zobensu, a gwada kaurin ƙarfen da na tsohon. A tambaya kuma daga wace iri aka ciro, don injin gazuwal ya fi na esansi nauyi, resor ɗinsu ba ɗaya ba ne.

Gargaɗi ɗaya a kan wannan aiki. Resor ɗin gaba na 504 dogo ne, kuma a matse yake zaune. Wanda ya kwance notin sama bai kama shi da abin matsewa ba, zai tashi da ƙarfin da ke karya muƙamuƙi. Igiya da waya ba sa riƙe shi. In gareji ba shi da ƙarfen matse resor, a tafi wani garejin, kuma a kori yara masu kallo daga wurin.

Rage tsayi: daga ina, kuma me yake yi wa mota

Al'adar ta yi ƙarfi ne a birnin Los Angeles na Amurka, wajen matasa ƴan asalin Meksiko, bayan yaƙin duniya na biyu. Suna so motar ta yi ƙasa ta tafi a hankali kowa ya kalla. Da farko ma buhunan yashi suke zubawa a but don ta zauna, abin da buhunan hatsi ke yi mana kyauta kowace ranar kasuwa. Har jihar Kalifoniya ta kafa doka a ƙarshen shekarun 1950 ta hana jikin mota ya sauka ƙasa da bakin ƙarfen taya, ba a ɗage ta ba sai a farkon 2024. Masu tsere a kan kwalta mai santsi su ma suna rage tsayi, don mota ta rage karkata a kwana. Dalilai ne na gaske, a wurin da aka yi su.

Yanzu a kawo wannan mota nan. Kwaltar da ta ratsa Gidigir, babbar hanyar ƙasa mai lamba 1 da ta taso daga Yamai ta bi Maraɗi da Damagaram ta wuce Gure zuwa Diffa, ita kaɗai ce shimfiɗaɗɗiya. Da ka sauka daga kanta za ka shiga kwari wajen masu dabino da rogo, ko ka nufi ƙauye ɗaukar mara lafiya, hanya ta zama sawu biyu da tudun rairayi a tsakiya, wanda manyan motoci suka haƙa daidai tsayinsu. Mota ba tayarta ke fara kafewa a nan ba, cikinta ke zama a kan tudun, tayu su yi ta juyawa a banza. Kowane santimita da aka rage daga wannan tazarar aka cire shi. In kuma akwai kututture ko dutse a ɓoye, abin da zai fara samu shi ne gadar gaba da kartar mai. Kartar ta fashe, mai ya tsiyaye, inji ya tafi. An je neman ado an dawo da kuɗin inji.

Ba nan ta tsaya ba. Zangon nan da muka ce shi ne arzikin 504, shi ake yankewa. Taya ba ta da sauran wurin hawa, sai ta riƙa dukan robar tsayawa a kowane rami, amortisa na buga ƙasansa. Hannun ƙasa da sandar sitiyari kuma an tsara su su zauna kusan a kwance. In mota ta sauka sai su karkace, rotil ya yi aiki a gefen ƙoƙonsa, kuma duk sanda taya ta hau tudu sai ta ɗan juya da kanta ba direba ne ya juya ta ba. A gargada wannan shi ne motar da ke yawo a hanya.

Hanyoyin araha da ake bi biyu ne, kuma ɗaya ta fi ɗaya muni. Ta farko gasa resor da wutar walda har ya zauna. Wannan kashe shi ne: resor ƙarfe ne da aka yi wa horo da wuta a masana'anta, in aka sake gasa shi horon ya tafi, zai ci gaba da zama ba daidai ba har ya karye. Haka ma masu gasa shi su ja don ya ƙara tsawo, ɓarnar ɗaya ce. Ta biyu yanke zobe. Resor in an rage masa zobe tauri yake ƙarawa, kuma in an yanke da yawa, ranar da taya ta rataya a rami zai iya fita daga mazauninsa.

Wanda motarsa ta birni ce, Damagaram ko Yamai, ta ɗaukar amarya da zuwa Idi, ya kuma nace, to ya nemi gajeren resor da aka ƙera don haka tare da amortisan da ya dace da shi, kada ya wuce santimita 2 zuwa 3, ya sake saitin tayu da na fitilu, ya adana tsofaffin resor ɗin don ranar da zai sayar. Mai saye daga ƙauye ba zai so ta a zaune ba. Motar da ke shiga daji kuwa, ra'ayinmu a fili yake: a mai da ita tsayinta na asali, a bar ta nan.

Masu Hiace da tsofaffin Hilux da yawa ba resor mai murɗe ke gabansu ba, doguwar sanda ce miƙaƙƙiya da ke murɗawa a jikinta, kuma a ƙarshenta na baya akwai notin saiti. Da shi ake ɗaga gaba ko a sauke ba tare da an sayi komai ba. In ta zauna saboda tsufa, a ɗaga motar tukuna don nauyi ya sauka daga kan notin, a ɗaura daidai-wa-daida dama da hagu ana ƙirgawa, a sauke a auna. Nan kuma kuskuren da aka fi yi kishiyar na farko ne, a ɗaure har ƙarshe don ta yi tsayi kamar Land Cruiser. Sai taya ta rasa wurin sauka, motar ta yi ta tsalle, rotil na sama ya cinye da wuri. Ita Land Cruiser ta ɗaukar kaya, wadda aka fara a 1984, lam ne a gabanta har 1999 da aka koma resor. A mai lam, babban ganye in ya karye canza shi ake yi, ba walda ba.

Sayen kaya, da kalma ga ƴan uwa na nesa

Kaya iri uku ne a kasuwa: sabo na kirki, sabo na jabu, da na kas. Kwali ba ya nuna komai, masu jabu sun iya kwali. Hannu ke nunawa. Sabon rotil na kirki da ƙyar hannu ke motsa shi; wanda ke kaɗawa tun a shago, a ajiye musu. Amortisa a tsai da shi a tsaye a ja a tura sau da yawa: ya yi nauyi ba yankewa, kuma ja ya fi turawa wuya. In ya yi wani wuri fayau kamar babu komai, babu komai ɗin ne. Sau da yawa tsohon amortisa na asali daga kas ya fi sabon jabu. Rotil da roba kam ba a sayen na hannu. Abin da ba a samu a Gure ko shagunan Damagaram ba, Kano ake aikawa, ta Matamai da Ɗan Barto ko ta Magarya, kuma kasuwar Ƙofar Ruwa ta yi suna a kayan kas. Koyaushe a tafi da tsohon a gwada, don kayan 504 da na 505 na kama da juna, ba duka ke shiga wa juna ba.

Ku kuma da ke Libiya, ko Legas, ko Abijan, ko Faransa, waɗanda ake bugo wa waya a ce, “Yaya, motar Baba ta kwanta, ƙafa ce,” ba rashin yarda ba ne ku tambayi wace ƙafar. Ku ce a ɗaga ta a girgiza taya a ɗauko muku bidiyo ta WhatsApp, bakanike ya nuna da yatsa abin da ke motsi. In za ta yiwu ku raba kuɗin biyu: na rotil da sitiyari yanzu, na amortisa da resor in an sake samu. Ku ce a ajiye tsofaffin da aka cire. Bakanike na gari ba ya jin haushin wannan.

In kaya za ku aiko, a fara turo muku hoton farantin lambar jikin motar, a faɗa muku ta esansi ce ko ta gazuwal, ƙarama ce ko familiyal ko bashe. Rotil da rigunan roba da silanbulok ba su da nauyi, suna shiga jaka. Amortisa mai gas kuwa kamfanonin jirgin sama kan ƙi ɗaukarsa a kayan fasinja. Ku kuma sani a Turai 504 ta zama motar masu tara kayan tarihi, don haka wani abin ya fi tsada a can bisa Kano.

Bayan an ɗaura

Kada a ɗaure notin silanbulok ƙarshe mota na rataye. A ɗaura sako-sako, a sauke ta ta tsaya da nauyinta, a ɗan tura ta gaba da baya, sannan a ɗaure. In aka ɗaure a sama, robar za ta zauna a murɗe, ta yage cikin ƴan makonni, a ce jabu ce alhali aiki ne.

Duk notin rotil mai tsage-tsage a kai yana da ƴar ƙusarsa mai baki biyu da ke hana shi warwarewa. A sa sabuwa. Noti mai roba a ciki shi ma sau ɗaya ake amfani da shi.

Sai saitin tayu, wanda ake kira paralelisim ko alaimen. Duk wanda ya taɓa rotil ko tsayin mota dole ya sake shi, in ba haka ba sabuwar taya za ta tafi kafin kaka. Inda babu na'ura, ma'auni ya isa a kai gari: a miƙe sitiyari, a auna tazarar da ke tsakanin ƙarafan tayu biyu ta gaba, a auna ta baya a tsayi ɗaya. A mota mai ja da baya irin 504, gaban ya kamata ya fi bayan matsewa da ƴan milimita, abin da bai kai kaurin fensir ba. A gyara a sandunan sitiyari biyu daidai, don sitiyari ya zauna a tsakiya. In an shiga Damagaram a kai ta wurin masu na'ura su tabbatar.

Tafiyar farko a yi ta ba fasinja, a hankali, a taka birki a ji ko tana fizga. Bayan zuwa kasuwa ɗaya ko biyu a koma gareji a sake bin notuna da sifana, a sake auna tsayin dama da hagu, don resor na kas yakan ɗan zauna a makon farko.